Sunanka a Bakin Dodo

Kambarawa, Katsina.

Bashir,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ka ga abin da na rubuta a sama. Hannu ba shi da irin kunyar da baki ke da ita, shi ya sa ya riga shi.

Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan kun sauka lafiya, kai da matarka da 'yar jaririyar takwarata. Yaya gajiyar hanya, yaya baƙunta, yaya sabon wurin aiki? Allah ya sa ruwan garin ya karɓe ku, ya haɗa ku da maƙwabta na gari, ya tsare ku daga sharrin hanya da na mutum da na abin da ido ba ya gani. Ba zan cika ka da labarin gida ba. Ƙanwarka Saudatu tana nan kamar rediyo, za ta ba ka wanda ya faru har da wanda bai faru ba.

Ranar da kuka tashi na fito har ƙofar gida da niyya ɗaya, in kira ka da sunanka, ka juyo, in sa maka albarka. Da niyyar na tashi, da ita na yi sallar asuba. Da direba ya tayar da mota, abin da ya fito daga bakina shi ne, "Kai, a sauka lafiya." Ka ce amin, ka ja ƙofa. Na koma ciki na zauna a bakin gado ina jin kamar in mari bakina. Tun da na haife ka har ranar tafiyarku, sau ɗaya tak sunanka ya fita daga bakin nan, kuma ranar ba da muryata ya fita ba. Maganar da zan yi maka ke nan, kuma ina tsoron in mutu ban gyara ta ba.

Kai ne ɗan fari. Yadda aka tashe mu, mace ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta ma nuna ta san da zamansa. Ni kuwa na ɗauki abin da zafi fiye da kowa, don ina koyar da Turanci a firamare, kuma matan unguwa sun zuba ido su ga ko boko ya wanke mini kunya. Sai na ƙudura zan nuna musu. Kakarka Inna, uwar babanku, ita ke goya ka, ita ke tsokanarka tana ce maka angonta. A wurina kuwa "kai" ne, ko "yaron nan". In ka faɗi ka fasa gwiwa sai in kalli gefe har Inna ta iso. A gidan biki ana nuna ni ana cewa Malama 'yar asali ce, boko bai ɓata ta ba. Na sha yabon nan har na ƙoshi.

A shekarar da soja suka koma bariki aka rantsar da farar hula, babanku, Allah ya jiƙansa, ya shigo da bidiyo a kwali daga Babbar Kasuwa. Lokacin ka fara zuwa makaranta ke nan. Ba za ka tuna yadda gari yake kafin nan ba. Mutum in zai yi maganar gwamnati sai ya waiga ya rage murya, ko da a zaurensa yake. Kwatsam aka ce kowa ya faɗi abin da ke ransa. Maza suka koma majalisa suna musun jam'iyya har maƙogwaro ya bushe, mu mata kuma muka samu bidiyo.

Da an kawo wuta bayan azahar ɗakina ya cika. Hajiya Indo ta gidan da ke kallon namu ita ke fara sallama, da ƙullin gyaɗarta, sai sauran su biyo baya, wata da goyo wata da ɗinkin hula. Akwai mai ba da hayar kaset a bakin kasuwa, babanku ke biyawa ya ɗauko mana in ya taso daga ofis. Da na soyayya da raye-raye muka fara, har ranar da mai shagon ya yi kuskure ya sa kaset ɗin ban tsoro a kwalin wani. Ranar Hajiya Indo ta watsar da gyaɗarta ta ƙanƙame ni tana salati. Da aka gama ta gyara ɗankwali ta ce, "Malama, don Allah gobe a sake samo muna irin wanga."

Kada ka ce ba mu da hankali. Fim ɗin ban tsoro yana da daɗi, ba zan yi maka ƙarya ba don ina jin kunya. Daɗinsa shi ne tsoro ne wanda makunninsa ke hannunka. Mu mun sha tsoron da ba a kashewa, tsoron naƙuda, tsoron zazzaɓin yaro, tsoron motar soja in ta tsaya a bakin layi. Wannan kuwa in ya yi yawa sai ka danna maɓalli, dodo ya daskare da baki buɗe, ka je ka duba tukunya ka dawo. A yi ihu tare, a kama juna, in an gama a yi ta dariyar wadda ta fi kowa tsorata. Matan da suka yi wata ba sa magana saboda faɗan yara, a ɗakin nan na ga sun rungume juna ba su sani ba. Mace takan fita jikinta sakayau, ta je ta ɗora tuwon dare tana murmushi.

Da yake ni kaɗai ke jin Turanci, ni ce mai fassara, kuma ta nan Shaiɗan ya samu ƙofa. Ba fassara kawai nake yi ba, har da ƙarin gishiri. In Bature ya faɗi kalma biyu ni sai in jero goma. In yi muryar tsoho, in yi ta yarinya, in yi ta dodo daga can ƙasan maƙoshi. In laƙa wa mutanen fim sunayen 'yan unguwa, mai ƙaton ciki ya zama mai naman bakin layi. Hajiya Indo takan ce, "Aradu Malama, bakinki ya hi na Turawan daɗi." Kaina kuwa sai ƙara kumbura yake.

Doka ita ce yara ba sa shiga. Sauran yaran in an kore su sai su tafi ƙwallo. Kai ba ka tafiya, sai ka laɓe a bayan labule. A lokacin na ɗauka fim ɗin ke jan ka. Sai da na tsufa na gane cewa a bakin ƙofar nan kaɗai kake jin muryata tana wasa, don kai ban taɓa yi maka ba.

Fim ɗin ranar na wani abu ne marar fuska da ke tsayawa a bayan taga yana kiran mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, wanda duk ya amsa ya tafi ke nan. Ka san mu ma da haka aka tsorata mu tun muna yara, cewa in ka ji kira ba ka ga mai kiran ba kada ka amsa, maye ne ke neman kurwarka. Inna ta sha faɗa maka haka. Rana tsaka ce, amma mun toshe taga da zane, ɗaki ya yi duhu ya yi tsit. Sai na hango ƙafafunka a ƙarƙashin labule, silifas a juye, na dama a hagu. Na riga na kore ka, ka dawo. Na taɓa Hajiya Indo na nuna mata da baki. Abin nan ya matso taga, ni kuma na sauke murya can ƙasa na ja ta: "Bashiiir. Bashiiir. Na gan ka a bayan labule."

Ɗaki ya fashe da dariya, wata har da faɗowa daga kujera. Abin dariyar biyu ne a wurinsu, an tsorata yaro, kuma Malama mai kunya ta faɗi sunan ɗan fari da dabara. Hajiya Indo tana share hawaye tana cewa, "Yau kau mun ji da kunnenmu! Ashe kin san sunan nashi!" Na ce, "Ni ban faɗa ba, dodo ya faɗa." Aka sake kwashewa.

Na saurara in ji gudunka, ban ji ba. Da na ɗaga labule na same ka tsaye ƙiƙam, ido a buɗe, fitsari yana bin ƙafarka har cikin silifas. Ba ka yi kuka ba. Abin da ya kamata in yi kowace uwa ta san shi, ko akuya ta san shi. Amma mata suna kallo, kuma ɗan fari ne. Na leƙa tsakar gida na ce, "Inna, zo ki ɗauki angonki, ya yi ɓarna." Na koma na danna maɓalli muka ƙarasa fim ɗinmu.

To ka ji. In za ka kalli abin tsoro ka kalla, kai da wanda ya zaɓa da kansa kuma ya san ƙarya ce. Yaro bai san ƙarya ce ba, a wurinsa babu bango tsakanin akwatin nan da ɗakin da yake tsaye. Kada ka taɓa neman dariyar manya da tsoron yaro. Su za su yi dariyarsu su yafa gyale su tafi gida, kai za a bar wa yaron. Kuma kada ka riƙa kiran dodo don 'yarka ta ci abinci ko ta yi shiru. In za ka hana ta abu ka hana ta da fuskarka da muryarka, ta san da wa take.

Daga ranar ka daina amsa sunanka. In babanku ya kira daga zaure sai ka toshe kunne ka shige bayan Inna. Malamin ajinku ya zo ya same ni ya ce in yana kiran suna ya zo kanka, sai ka kifa kai a benci. Ka rame, ka daina wasa a tsakar gida, bayi ma sai an raka ka. Babanku ya tsare ni ya ce, "Wai mi ya samu yaron ga?" Na ce ban sani ba. Ya san doka ce yara ba sa shiga ɗakin kallo, don haka bai kawo fim a ransa ba. Matan kuma kowa ta ja bakinta, wai suna rufa mini asiri.

Aka ce iska ce. Inna ta ce ai ta sha hana ka bi ta gindin tsamiyar bayan layi da tsakar rana. Aka karɓo rubutu, aka yi tofi, aka lulluɓe ka da bargo aka turara ka da hayaƙi kana tari kana kiran Inna. Malamin da ya ba da rubutun bai yi laifi ba, ciwon da aka gaya masa shi ya yi wa magani. Ni da na san ciwon, ni ce na tsuguna ina hura garwashin. Magana ɗaya ce za ta warkar da kai, in durƙusa in riƙe hannunka in ce ni ce, wasa nake. Amma in na faɗa babanku zai san na yi masa ƙarya, unguwa za ta ji, sunan Malama mai hankali zai zube. Na tsare sunana na bar naka a bakin dodo.

Wata rana da hantsi ina tankaɗe a bayan ɗakin Inna sai na ji tana lallashinka. Ashe Hajiya Indo ta kasa riƙewa, ta tsegunta mata. Inna tana cewa, "Angona, ba dodo ba ne. Uwarka ce ta yi maka wasa, muryarta ce ta sake." Kai kuma ka ce da 'yar muryarka, ba gardama ba fushi, kamar mai gyara wa babba kuskure, "A'a Inna, ba Mama ba ce. Mama ba ta san sunana ba."

Rariya ta suɓuce daga hannuna. Na sha jin magana mai zafi a duniya, daga dangi da daga bare, babu wadda ta kama ƙafar wannan. Kunya ta rufe ni, ta gaske, ba irin wadda ake yabona da ita a gidan biki ba. Kuma duk da haka ban shiga ɗakin ba. Na ɗauki rariya na ci gaba da tankaɗe. Inna ta fito ta yi mini kallo ɗaya ta ce, "Garinki ya zube," ta wuce. Ba ta taɓa gaya wa ɗanta ba har ta koma ga Allah, ni ma ba ta sake tayar mini da maganar ba. Ita ce ta ce kowa ya riƙa ce maka Ango har ka warware, Angon nan kuwa ya bi ka har yau. Babanku ya rasu yana zaton iskar tsamiya ce ta taɓa ka.

In ka yi wa ɗanka laifi, ka faɗa masa tun abin yana ɗanye. Girma ba ya zubewa don an ba yaro haƙuri, ni shaida ce cewa rashin ba da haƙurin ne ke zubar da shi. Na ga ranar da ya kamata in faɗa na ce gobe, goben nan ce ta kawo ni furfura. Kuma in ka ga yaro ya canza, kafin a tafi neman aljani a gindin itace, a fara tambayar manyan gida abin da suka yi. An ce tsoro na daji, kunya na gida. Ni na kwaso tsoron na kawo maka har ƙofar ɗaki, kunyar kuma na je na yi ta inda ba ta da amfani.

Daga nan kallon ban tsoro ya mutu a gidanmu. Na ce wa mata kaina ke ciwo, suka koma gidan Hajiya Indo suna kallo babu mai fassara. Babanku, don ya ga ka saki jiki, ya fara ɗauko muku katun. Ni kuwa na raina katun. Ina ganin shirme ne, dabbobi da riga da wando suna bin juna da gudu. Sai in kunna muku in ja ƙofa in tafi aikina, bidiyo ya zama mai reno. Amma ina jin ku ta taga. A gaban katun ka fara yin dariya bayan dogon lokaci, dariya har da shaƙuwa. Abin da hayaƙi bai yi ba, wani kunkuru mai yawan tuntuɓe ya yi shi, ni kuma ko na gode ban ce ba.

Wata Asabar, ka ɗan tasa, ka zo ka tsaya a bakin kicin ka ce, "Mama, ki zo ki fassara muna." Rabon da ka roƙe ni wani abu har na manta. Na wanke hannu na zo na zauna, Saudatu a cinyata, kai a can gefe. Fim ɗin na wata bushiya ce da 'ya'yanta a rami ƙarƙashin itace. Ba wani babban abu ke faruwa ba, ruwa ya cinye musu gida, suna neman wani, suna faɗa suna shiryawa. Sai ga ni ina dariya da gaske, ni mai rainawa. Akwai wurin da babban ɗan ya yi fushi ya haye reshe ya ƙi saukowa. Uwar ta zo gindin itacen ta ɗaga kai ta kira shi da sunansa a hankali, ta sake kira. Na ce, "Ta ce, kai, sauko ka ci abinci."

Ka juyo ka dube ni. Ashe ka fara tsintar Turanci. Ka ce, "Ba haka ta ce ba. Sunanshi ta kira." Sannan ka ƙara da cewa, "Kuma shi ne babba."

Allah ya kawo mini dama har cinya. Daga ni sai ku, babu Hajiya Indo, babu Inna, babu mai auna kunyata. Da na ce, "Haka ne, Bashir," da an gama. Abin da na ce shi ne, "To ai Turawa ba su da kunya, balle bushiyarsu." Na yi dariyata ni kaɗai. Ka mayar da ido kan talabijin. Da ɗan bushiyar ya sauko ya shige jikin uwarsa na ga hawaye a kumatunka, sai na ƙara da cewa, "Namiji da kuka a kan zane?" Ka goge da hannun riga. Ba ka sake kirana fassara ba.

Kada ka raina katun yadda na raina shi. Masu yinsa sun san abin da yaro ke son tambaya bai san ta inda zai fara ba, sai su sa shi a bakin dabba. In 'yarka ta kai kallo, kada ka kunna mata ka koma kana danna waya. Zauna a ƙasa kusa da ita. Ka duba abin da ake nuna mata, don ba duk zane ne na yara ba, amma ka fi duba fuskarta. Inda ta yi dariya ka taya ta, inda ta yi shiru ka lura. In ta juyo ta yi maka tambaya, ka sani ba a kan bushiya take tambaya ba. In ta yi kuka ka bar ta, kuka a kan zane ma kuka ne. In kuma ta ce ka fassara mata, ka faɗi abin da aka ce.

Da ka shiga sakandare sai ka koma mayen finafinan ban tsoro, abin ya ba kowa mamaki. Amma ba irin kallonmu kake yi ba. Kai kaɗai kake zama, ba ihu ba dariya, kamar mai shan maɗaci. Ni kuwa sai na samu abin lallashin kaina, na ce ai ga shi ya warke. Wata rana na shigo ɗaukar tsintsiya na ce, "Kai, ba ka jin tsoro?" Ba ka ɗauke ido daga akwatin ba ka ce, "Ai duk mutane ne, Mama. Wani ne ke yin muryar." Sannan ka juyo ka dube ni. Har yau ban sani ba ko magana kawai ka yi, ko kuwa ka daɗe da gane abin da Inna ta faɗa maka kana jira in buɗe baki. Na ɗauki tsintsiyata na fita. Matarka ta gaya mini har yanzu kana wannan kallon kai kaɗai, ita kuma tsoro take ji. Kada ka tilasta mata, kada kuma ka yi mata dariya. Kai ma in ba daɗinsa kake ji ba ka bar shi, wanda kake nema ba ya cikin akwatin.

Abin da ya tayar mini da duk wannan shi ne ranar sunan 'yarka. Da aka raɗa mata sunana na ji daɗi har na yi hawaye. Da taro ya watse na zauna na yi tunani, sai gabana ya faɗi. 'Yar fari ce, ga ta kuma da sunan uwarka. Kai ba za ka faɗa ba, matarka ba za ta faɗa ba saboda surukuta, kowa Ummi zai ce. Na kuma lura da kai kafin ku tafi. In tana kuka a gaban mutane sai ka kalli gefe, irin kallon gefen da na san inda ka koyo shi. Ka dubi naka ma. Ni ba na faɗa, matarka ba ta faɗa don kai miji ne, ƙannenka Yaya suke cewa, abokai Ango. Sunan da aka yanka rago aka raɗa maka ya koma na takardar ofis. Ranar da ka kai ni asibiti, da ma'aikaciyar ta ɗaga murya ta kira ka da shi, na ga yadda kafaɗarka ta zabura. Kana zaton ba wanda ya gani.

Ban ce ka zubar da al'ada ba. Kunya ado ce, Ummi kuma suna ne mai daɗi, ku ci gaba da shi a gaban jama'a. Amma ni mai sunan na yafe, na ba ka izini. Rabi'atu suna ne, ba zagi ba ne. In kun shiga ɗaki daga kai sai ita, ka ɗauke ta ka kira ta da shi tana kallon bakinka. Ta fara jinsa daga wurin ubanta kafin ta ji shi a bakin wanda ba ta sani ba. In wani ya ce ka yi rashin kunya, ka ce uwarka ce ta sa ka, ya zo Kambarawa ya same ni.

Saudatu ta gan ni ina ta fama da biro ta ce, "Mama, wai mi kike rubutawa haka? Ki kira shi a waya mana ki hwaɗa mashi." Ba ta san komai a kai ba. A waya kam ba zan yi ba. Waya murya ce babu fuska, kuma an riga an yi maka irin wannan kiran. Tun da kuka tafi nake gwadawa ni kaɗai a ɗaki in na idar da walaha. Da farko a shaƙe ya fito, har na tsorata da kaina, don ya yi kama da na waccan ranar. Yanzu ya fara fitowa daidai, kamar sunan mutum.

Ni ce, Bashir. Babu kowa a bayan taga. Ni ce na kira ka ranar, don mata su yi dariya. Kuma na san sunanka, na san shi kafin kowa, don ni na zaɓe shi tun kana ciki, na raɗa wa Inna a kunne ta kai wa babanku a matsayin nata zaɓin. Ka yafe mini, don Allah. Ka yafe mini labulen, da hayaƙin, da bushiyar.

In Allah ya kai mu ƙaramar Salla ka zo gida. In ka yi sallama ka tsaya a tsakar gida, da rana, inda za ka ga fuskata. Zan fito in kira ka. Zan aika a kamo hannun Hajiya Indo a zaunar da ita a kan tabarma, kunnenta ya yi nauyi yanzu, don haka dole in ɗaga murya. In ka ga dama ka amsa. In ka kasa ba komai, ka daɗe kana jirana, ni ma zan iya jiranka. Zan sake kira.

Allah ya tsare mini kai a inda kake, ya tsare iyalinka, ya raya takwarata a kan imani, ya sa ta tashi ba ta tsoron muryar kowa a gidan ubanta. Allah ya jiƙan Inna da babanku. Allah ya yi maka albarka, ya dawo mini da kai lafiya, ya kuma ara mini rai in ga ranar.

Wassalam.

Mahaifiyarka.